Tambaya da Amsa: Na dawo da lasisin tuƙin jirgi, wata 14 ba aiki

Tambaya

Assalamu alaikum Baba Kyaftin, tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi, shekarata 26. Gidanmu ba nisa da filin jirgi, tun ina makarantar allo idan jirgi ya zo sauka sai in bi shi da ido har malam ya yi min tsawa. Babana ya sayar da filinsa na hanyar Ejisu, Mma ta kwashe kuɗin susunta, kawunaina suka cika, aka tura ni Afirka ta Kudu. Na dawo da lasisin CPL, wato na tuƙin jirgi a matsayin sana'a, da izinin tuƙi da na'ura ko ba a ganin waje, da na jirgi mai inji biyu, awa 214 a littafina. Yau wata 14 ke nan ina gida. Na tura imel ya fi 40, biyu kaɗai suka amsa, su ma cewa suka yi babu gurbi. Takardar likitana ta ƙare wata biyu da suka wuce. Ban juya lasisin zuwa na Ghana ba, na bari sai aiki ya samu. Yanzu wani mutum ya ce in kawo dala dubu 25 a yi min taif-retin na Boeing 737 a Turai, kuma shi zai sama min aiki. Baba yana so ya sa gidanmu jingina. Na daina zama a majalisar ataya, saboda ina zuwa za a ce, “Kyaftin, yaushe za ka kai mu Makka?” Don Allah ka ba ni shawara irin ta uba.

Ɗanka daga Aboabo, Kumasi

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau biyu na karanta takardarka, na biyun bayan sallar asuba. Kafin mu shiga wata magana, yau ɗin nan ka samu Baba, ka durƙusa, ka roƙe shi ya mayar da takardun gidan nan inda ya ɗauko su.

Ga dalili. Taif-retin horo ne a kan nau'in jirgi guda ɗaya tak. Za ka yi makonni a aji da cikin sim, wato na'urar nan da aka ƙera kamar ɗakin matuƙa, tana karkata tana girgiza kamar jirgin gaske, sannan a buga maka shaida a lasisi. Shaidar ba ta dawwama, duk wata 12 sai an sake gwada mutum. Wanda ya saye ta ba shi da aiki, shekara na zagayowa ko dai ya sake neman daloli ya sabunta, ko ta mutu a hannunsa. Sannan ka dubi jiragen da ke wucewa ta saman gidanku. Africa World Airlines, wanda ya fara tashi a 2012, an san shi da Embraer 145 mai kujera 50. PassionAir, wanda ya fara a 2018, Dash 8 yake tashi da su, masu farfela. Su biyun nan ne ke jigilar mutane tsakanin Ankara da Kumasi da Tamale da Takoradi, kuma ba da 737 suke yi ba. Kamfanonin waje masu 737 kuwa, idan za su ɗauki baƙo, abin da suka fara tambaya shi ne awa nawa ya yi a kan jirgin da fasinja a bayansa. Mai shaida sabuwa fil, amsarsa sifili ce.

Mutumin da ya ce zai sama maka aiki, ka yi masa tambaya ɗaya cikin ladabi: wane kamfani ne, kuma ina takardar ɗaukar aiki mai hatiminsu? Kamfanin gaskiya yakan fara gwada ka ne, ka ci, ya ba ka takarda. Daga nan ko shi ya biya kuɗin horon ya ɗaure ka da yarjejeniyar wasu shekaru, ko ya ce ka biya da kanka kai tsaye ga cibiyar da ya ambata, a kan jirgin da za ka tuƙa masa. A wannan hali na biyu, idan iyali suna da hali, ban hana ba. Amma kuɗin da za a zuba a asusun wani mutum, ko a tura masa ta momo, wato ta waya, kafin ka ga fuskar shugaban matuƙan kamfanin, cinikin biri a sama ne. Na san gida biyu a Zango da aka yi wa haka. Ɗaya daga cikin iyayen har ya koma ga Allah bai sake ambaton maganar ba.

Abin da ya fi damuna a takardarka ma ba dillalin ba ne. Layi biyu ne da ka rubuta kamar ba komai: takardar likita ta ƙare, lasisi ba a juya ba. Ɗana, a yau da nake rubutun nan, ko kamfani ya kira ka ba zai iya ɗaukar ka ba. Lasisin Afirka ta Kudu na jiragen da ke da rajistar can ne. Jirgin da ke ɗauke da 9G a jikinsa, wato rajistar Ghana, sai da takardar hukumarmu ta kula da sufurin jiragen sama, GCAA. Za ka kai musu takardunka, su tuntuɓi hukumar da ta ba ka lasisin su tabbatar, ka rubuta jarrabawar dokokin sama, ka ga likitan da suka amince da shi. Abin yana cin makonni, wani lokaci watanni. Shi kuwa gurbi ba ya jira. Mai tace takardu a ofis idan ya buɗe taka ya ga likita ya ƙare, ba ya kaiwa layi na gaba. Ina kyautata zaton da yawa cikin imel 40 ɗin nan a nan suka tsaya.

Bari in ba ka labarin kaina, don kada ka ɗauka daga kan tudu nake magana. Ni ma na zauna a gida, a Nima, wata 22. Littafin awoyina mahaifiyata ce ta naɗe shi a leda ta sa a ƙasan akwatinta, tare da zannuwan aurenta da ƙwayar kafur, har yau idan na buɗe shi ina jin ƙamshin. A wata na 11 wani kamfani ya kira ni, ranar Talata aka ce in zo gwajin sim ranar Juma'a. Na yi murna, aka yi addu'a, na goge farar rigata. Da na zauna a kujerar dama, wato ta mataimakin matuƙi, aka kashe fitilu, sai na ga hannuna ba nawa ba ne. An ce in riƙe ƙafa 3,000. Idona ya maƙale a kan na'urar gudu, kafin in waiwayo na hau 3,300. Na gyara tsawo, hanya ta kuɓuce. Aka kashe min inji ɗaya, ƙafata ta yi jinkirin taka feda, hancin jirgi ya karkata. Mai gwajin, dattijo ne mai furfura, bai yi faɗa ba. Ya tambaye ni yaushe rabona da tashi. Na ce wata 11. Ya rufe fayil ɗinsa ya ce hannu yana mantuwa, ba laifi ba ne, amma ba zai iya sa hannu ba. Daga filin jirgi na taka da ƙafa har gida, ban hau trotro ba, don kada in haɗu da wanda ya sani. Babu wanda ya zalunce ni ranar. Kira ya zo ya same ni ban shirya ba.

Saboda haka kuɗin da iyali za su iya tarawa ba tare da taɓa gida ba, ga inda zai tafi: likita, juya lasisi, sabunta izinin tuƙi da na'ura, sai awa ɗaya ko biyu a ƙaramin jirgi tare da malami duk bayan 'yan watanni. Duka a haɗe bai kai kusa da abin da dillalin ya nema ba. A gida kuma ka sa manhajar kwaikwayon tuƙi a kwamfuta, ka riƙa yin sauka da na'ura a Kumasi da Ankara da Tamale, ba tare da matuƙin atomatik ba, kana furta komai da baki kamar akwai kyaftin a gefenka. Awoyin ba sa shiga littafi, amma ido yana riƙe zagayensa a kan na'urori. Ka buɗe littattafan ATPL, wato lasisi mafi girma da kyaftin na jirgin fasinja yake riƙewa. Cikakken lasisin sai mutum ya kai awa 1,500 da shekara 21, amma jarrabawarsa ta rubutu ana iya cin ta tun yanzu, kuma kamfanoni suna duba wannan. Ka duba ranar da shaidar Turancinka ta rediyo za ta ƙare, mataki na 4 shi ne mafi ƙaranci, kuma shi ma yana da wa'adi.

Ya kamata kuma ka san kasuwar da ka shiga. Ƙarama ce, kuma ta sha faɗuwa. Ghana Airways ya tsaya a 2004. Ghana International Airlines ya bi bayansa a 2010. Antrak ya ajiye a 2015, Starbow a 2017. A 2020 annoba ta rufe Kotoka, filin jirgin Ankara, ga jiragen ƙasashen waje daga Maris har 1 ga Satumba. Duk lokacin da irin wannan ta faru, matuƙa masu dubban awoyi sukan fito su shiga layi ɗaya da mai awa 200. Sannan sabon mataimakin matuƙi yana da tsada ga kamfani: sai an zaunar da kyaftin mai koyarwa kusa da shi na tsawon tashi da sauka masu yawa, irin waɗannan kyaftin kuwa ba su da yawa, ga kamfanin inshora shi ma yana ƙirga awoyi. Amma ƙofar tana buɗewa. Kamfanonin ƙasashen Larabawa su kwashi kyaftin biyu ko uku, a ɗaga mataimaka su cike gurbinsu, sai kujerun dama su zama ba kowa. Ko a kawo sabon jirgi. A mako guda sai a nemi mutum huɗu ko biyar, kuma sau da yawa kafin sanarwa ta fita shugaban matuƙa ya riga ya san sunayen da ke ransa.

Ta yaya sunanka zai shiga ransa kana Aboabo kana tura imel? Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Bayan na faɗi gwajin nan, sai na nemi aiki a ofishin tsara tashin jirage na wani ƙaramin kamfani. Albashin da ƙyar yake kai ni ƙarshen wata. Ƙarfe huɗu na asuba nake fita daga Nima, mai koko ba ta ma ɗora tukunya ba. Ni ke karɓo takardar yanayi, ni ke lissafin mai da nauyin kaya, ni ke miƙa wa kyaftin ya sa hannu. Wata safiya a tsakiyar hunturu, hazo ya rufe arewa, na lura filin da aka rubuta a matsayin madadin sauka shi ma ganinsa ya yi ƙasa da ƙa'ida. Na kai wa kyaftin takardar, na sa yatsa a kan layin. Ya ɗago ya dube ni ya ce a ina na koyi wannan. Na ce ina da lasisi. Bayan wata bakwai wani mataimaki ya tafi, shi wannan kyaftin ɗin ne ya kai sunana. A karo na biyu na shiga sim da shirina.

Don haka ka nemi kowane aiki da zai sa ka cikin shingen filin jirgi: ofishin tsara tashi, lissafin lodin kaya, sashen kiyaye haɗari, koyar da darasin ƙasa, ko da teburin karɓar fasinja ne. Filin Kumasi, da yanzu ake kira Prempeh na Ɗaya, yana bayan gidanku, ka fara da can. Amma shugabannin matuƙa a Ankara suke zaune, kuma ba na jin akwai ɗan Aboabo da zai rasa ɗakin kwana a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango. Ka kai takardarka da hannunka, shafi ɗaya, awoyinka a sama, ranar ƙarewar likita a bayyane. Ka sake komawa bayan wata uku da sabuwa. Wani zai ce maka mai lasisi ba ya tura keken kaya. Kada ka saurare shi, wanda ya faɗa ba shi zai ciyar da kai ba.

Maganar waje kuma. A Amurka, tun bayan haɗarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a 2009, dokar da ta fara aiki a 2013 ta sa mataimakin matuƙi a kamfanin fasinja sai ya tara awa 1,500, sai 'yan kaɗan da aka sassauta wa. Shi ya sa yaransu ke zama malaman tuƙi shekara ɗaya ko biyu su tara. Mu nan dokar ba ta kai haka ba, amma makarantun da za ka koyar a ciki ba su da yawa. Idan makarantar da ka gama tana ɗaukar ɗalibanta su koyar, kuma za ta taimaka da izinin aiki, ka rubuta musu, wannan hanya ce mai kyau, domin mai koyarwa yana ƙara sanin abin da yake koyarwa. Akwai kuma garin Maun a Botswana, bakin fadamar Okavango, inda ƙananan jirage irin Cessna 206 da Caravan ke kai masu yawon buɗe ido daji. Shekaru da yawa samari daga ko'ina suna zuwa can su zauna watanni suna ƙwanƙwasa ƙofofi. Haka Arusha a Tanzaniya da filin Wilson a Nairobi. Sai dai ƙasashen nan duka yanzu suna da nasu 'ya'yan masu lasisi, su ake fara dubawa, saboda haka kada ka sayi tikiti sai ka tambayi kamfanonin awa nawa ake nema kafin a ba baƙo izinin aiki. Najeriya kasuwarta ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, kuma Hausarka za ta yi maka rana a Kano da Abuja, amma kwalejin Zariya tun 1964 take yaye matuƙa, ga ta Ilorin, nasu ma suna layi. Asky na nan kusa a Lome, Air Côte d'Ivoire a Abijan, idan da hali ka fara koyon Faransanci. Sojan sama kuwa yana da iyakar shekaru da sharuɗɗan karatu, ka bi sanarwarsu ta hukuma kawai, ba a biyan kowa.

Akwai wani abu da na daɗe ina so in faɗa wa yaranmu na Zango, ka ba ni dama yau. An rene mu kada mu kalli babba ido cikin ido, kada mu gyara masa magana, idan ya yi kuskure mu sunkuyar da kai. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma da ita na reni 'ya'yana. Amma a ɗakin matuƙa shirun ladabi yana kashe mutane. A 1977 a tsibirin Tenerife jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan da ke zaune bayan kyaftin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, kyaftin ɗin, wanda babban malami ne a kamfaninsu, ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake magana. Irin wannan ne ya sa aka sauya yadda ake horar da matuƙa a duniya. A gwajin ɗaukar aiki, mai gwaji zai iya yin kuskure da gangan, ya sa tsawon da ba shi aka ba ku ba, don ya ga ko za ka buɗe baki. Na zauna a wancan gefen teburin, na ga yaro mai hannu mai kyau ya ga kuskuren sarai, leɓensa ya motsa, ya haɗiye. Da muka fito na tambaye shi, ya ce kunyata ya ji, na yi sa'an babansa. Ka koyi cewa, “Kyaftin, 5,000 aka ba mu,” da murya a sarari, ba tsawa ba raɗa. Idan bai ji ba ka maimaita. Bayan an sauka ka ɗaukar masa jaka in ka ga dama.

Su kuma 'yan majalisar ataya, ka koma ka zauna da su. Yawancinsu ba mugunta ba ce, alfahari suke da kai ba su san yadda za su faɗa ba, kuma zaman ɗaki kai kaɗai ya fi maganarsu illa. Waɗanda ya wajaba ka zaunar su ne Baba da Mma. Su sun ɗauka ranar da ka sauko da lasisi an gama, ba wanda ya gaya musu ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ka karanta musu wannan shafi. Ka faɗa musu jiran shekara ɗaya ko biyu abu ne da ya samu matuƙa da yawa, ka nuna musu abin da za ka yi wata-wata da abin da zai ci. Baba so yake ya ga ya yi wani abu, shi ya sa ya ɗauko takardun gida. Ka ba shi abin da zai yi wanda bai kai gida ba: kuɗin likita da na mota zuwa Ankara. Idan ka karɓi lasisin Ghana a hannunka ka sake rubuto min, ina son in ji. Allah Ya buɗa maka, Ya saka wa iyayenka da alheri.

Tambaya

Salamu alaikum Alhaji. 'Yata ta gama sakandare, ta ci lissafi da kimiyya sosai, ta ce ita sai tuƙin jirgi. Amma tana sa tabarau tun tana aji huɗu. Maƙwabta sun ce ba a ɗaukar mai tabarau, kuma wai ba aikin mace ba ne. Gaskiya ne?

Wata uwa daga Mamobi, Ankara

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba gaskiya ba ne. Ni kaina da tabarau nake tashi shekaru da yawa, abin da doka ta ce shi ne ido ya gani daidai idan an sa shi, kuma mutum ya riƙe na biyu a jaka. Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore, ana gwada shi da wani littafi mai ɗige-ɗige da lambobi a ɓoye, kuma ya fi yawa ga maza. Maganar mace kuwa, tun a shekarun 1960 Melody Danquah ta tuƙa jirgi a rundunar sojan saman Ghana, kuma na yi aiki da mata a kujerar dama da ta hagu. Kafin ki biya ko sidi ɗaya ga wata makaranta, ki kai ta wurin likitan da GCAA ta amince da shi, ki ce gwajin aji na ɗaya kike so, wanda ake yi wa mai tuƙi a matsayin sana'a, ba na biyu ba. Za a duba ido, kunne, zuciya, jini da fitsari. Ta tafi da tabaranta da takardar likitan idon da ya rubuta mata shi.